Kurakuran da masu aiki daga gida suka fi yi

Tun kullen korona na 2020 aiki daga gida ya samu gindin zama a wajenmu, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya ƙara tura mutane, don kuɗin mota kaɗai na iya lashe rabin albashi. Yanzu da wuya ka zaga unguwa a Kano ko Kaduna ba ka tarar da mai zanen talla, ko mai haɗa bidiyo, ko mai rubuta manhaja a ɗakinsa ba. Ni fassara da gyaran rubutu nake yi, da su nake ci da iyalina. Ƙannen da ke zuwa neman shawara kuwa duk kukansu ɗaya ne: sun wuni a gaban kwamfuta, an kira Magariba, aiki bai motsa ba. Da na bi diddigin wunin nasu sai in tarar da kurakuran da wanda ya zo kafinsu ya yi. Maimaita maganar ta ishe ni, gara in rubuta ta kowa ya gani.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne kunyar faɗa wa mutanen gida cewa aiki kake yi. A wajenmu mai aiki shi ne wanda ya sa hula ya fita. Duk wanda hantsi ya same shi a ɗaki, to ba shi da abin yi, don haka shi ne na sayo gas, shi ne na kai niƙa, shi zai ciro kuɗi, shi zai ɗauko yara daga makaranta. Aboki ya yi sallama a ƙofa ya ce ai na san kana nan. Ba laifinsu ba ne, babu wanda ya yi musu bayani. Sabon shiga sai ya yi shiru ya tashi ya tafi, yana ce wa kansa ai minti goma ne. Ba minti goma ba ne. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta daɗe tana nazarin yadda ake katse ma'aikata, kuma abin da ta gano shi ne mutum kan ɗauki sama da minti 20 kafin ya koma kan aikin da aka raba shi da shi. Ka lissafa aike huɗu kafin Azahar, ka ga abin da ya rage na safiyarka.

Wannan kunyar ta taɓa raba ni da wata ƙungiya da aikinta ke biya mini kuɗin haya. Sun turo rahoto mai tsawo, wa'adin ya faɗo a makon bikin wata ƙanwata. Da yake ni ne ke gida, hayar kujeru da ɗauko baƙi daga tasha da zirga-zirgar wajen tela duk suka dawo kaina, ban iya buɗe baki na ce a'a ko sau ɗaya ba. Na miƙa aikin a makare, a gaggauce, da kurakuran da ko ɗalibina ba zan yafe wa ba. Suka biya ni, suka yi godiya, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Mai ba da aiki daga nesa ba ya yi maka faɗa, wani kawai yake nema.

Bayan haka ne na samu mahaifiyata na durƙusa na ce: "Umma, daga bayan Asuba zuwa Azahar ki ɗauka na tafi ofis. In ba rashin lafiya ba, a ajiye mini aiken zuwa La'asar, ni kuma ba zan bar ko ɗaya ba." Ta dube ni ta ce: "To ai da tuni ka faɗa. Allah Ya yi albarka." Da ta amince, sauran gidan ba wanda ya ja. Amma ka lura da rabin maganar na biyu. In ka ce bayan La'asar, to La'asar na yi ka fito ka yi aiken da fara'a, in ba haka ba za a ɗauka gudun hidima kake yi. Kuɗin aiki kuma in ya shigo, a ga alamarsa a gida, ko da mudun shinkafa ne, don a gane rufe ƙofar nan ba barci ba ne. Baƙo yana da haƙƙinsa: ka fito ku gaisa, a ba shi ruwa, ka ce masa kana kan aikin mutane, za ka same shi bayan Isha'i. Sannan ka je ɗin.

Ni har wanka nake yi in sa kaftani da hula kafin in zauna, yara ma da sun gan ni haka sun san ba lokacin wasa ba ne. Masu yabon aiki daga gida suna yawan ambaton gwajin da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi da ma'aikatan kamfanin Ctrip a Shanghai, wanda aka wallafa a 2015, inda ƙwazon masu aiki daga gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne sai wanda ke da ɗakin aiki nasa na kansa aka bari ya shiga gwajin. In ɗakinku ku huɗu ne, nemi zaure, ko shagon wani da ba ya buɗewa da safe, ko ka yi labule a kusurwa.

'Yan'uwa mata sun fi shan wannan wahalar, don girki da yara ba sa jiran La'asar. Waɗanda na ga sun yi nasara suna haɗa girkin rana tun da sassafe, su kama sa'o'in da yara ke makaranta su riƙe gam. Magidanta kuma ku ji tsoron Allah. Ba daidai ba ne ka amince matarka ta karɓi aiki, ka ci moriyar kuɗin, sannan ka dinga turo baƙi da tsakar rana kana cewa a dafa musu abinci.

Kuskure na biyu da ke tayar mini da hankali shi ne barin aiki sai daren ƙarshe, kana dogaro da cewa za a kawo wuta kuma sabis zai zauna. Kai ba baƙo ba ne a ƙasar nan! A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu. A ranar 14 ga Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Ko 'yan rukunin A na masu amfani da lantarki da aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, alƙawarin da aka yi musu awa 20 ne, yawancinmu kuwa ba ma cikin rukunin. Wanda ya ba ka aiki daga Landan zai karɓi uzurin an ɗauke wuta sau ɗaya. Na biyu ba zai amsa ba.

Kuma abin da ke ba ni takaici, yaro ya karɓi kuɗin aikinsa na farko ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya sayo sabuwar waya, alhali batirin kwamfutarsa ba ya kai rabin awa. Kuɗin farko na batiri ne. Na biyu na ƙaramin sola ne ko inbata, gwargwadon ƙarfinka. Waya ta jira. Ni in an ce mini Alhamis, Laraba nake rubutawa a takardata, da ita nake aiki. Ina da layi biyu na kamfanoni daban-daban. Ina raba aikin gida biyu: wanda ke buƙatar intanet in sauke shi duk lokacin da sabis ya yi kyau, wanda ba ya buƙata in ajiye shi don lokacin da ya ɗauke. Da an kawo wuta, ko ƙarfe biyun dare ne, sai na tashi na jona komai. In kuma na hango ba zan cika wa'adi ba, ina faɗa tun da sauran kwana, ba bayan ya wuce ba. Ka hana kwamfutarka sabunta kanta a kan datarka, musamman tunda aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Sai waya. Zauren WhatsApp na dangi, na 'yan ajinku, na unguwa, na masallaci, kowanne yana ƙara. Masu cewa ai da wayar suke ba wa kwamfuta data, ba hujja ba ce: ka kunna, ka ajiye ta a kan durowa can ƙarshen ɗaki, za ta kama. Ina duba WhatsApp da hantsi, da bayan Azahar, da bayan La'asar. Wanda sana'arsa a WhatsApp take ya ware lambar aiki daban.

Masu raba dare suna aiki su yi barci har rana tsaka, na san hujjarku, dare ya fi shiru kuma an fi kawo wuta. Duk da haka ban goyi baya ba, sai ga wanda abokan aikinsa ke Amurka, inda New York ke bayanmu da awa biyar ko shida. Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma a zafin Afrilu, da ma'auni ke haura 40 a Kano, abin da ba ka yi kafin sha ɗaya ba ya zama na gobe. Aiki mai wuya bayan Asuba, ƙailula bayan Azahar, amsa saƙonni da yamma. Tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo, minti 25 na aiki da biyar na hutu, yana yi wa wasu amfani, ni dai yana katse mini tunani a tsakiyar jimla, lokutan salla sun ishe ni rabon wuni.

Kada ka yi aiki a kan katifa, barci zai ɗauke ka, kwamfutar kuma ta toshe ta yi zafi. Da hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Kada ka rubuta abu goma sha biyar da za ka yi gobe, uku sun isa, ka rubuta su tun da dare. Tuwo da rana ba na mai aikin zaune ba ne. Ka riƙa ɗaga ido daga allo kana duban nesa.

Kada kuma ka kulle kanka har mutane su manta da kai. A gwajin Ctrip ɗin nan, kusan rabin waɗanda suka yi aiki daga gida sun zaɓi komawa ofis, da yawansu saboda kaɗaici. Ka fita jam'i, ka zauna majalisa bayan Magariba. Ka sanar da mai ba ka aiki lokacin tashinka tun ranar farko, da agogonka da nasa, don saƙon da ya turo ƙarfe sha ɗayan dare ya san sai da safe zai ga amsarsa.