Kafin ku biya kuɗin fili a bakin teku a Ingila

'Yan uwa sababbin zuwa, buɗe asusun banki da rajistar likita ba za su wahalar da ku ba. Maganar fili ce ta zaunar da ni. A 'yan watannin nan mutum uku daga cikinku sun nuna mini hoton fili a waya, kore shar, ga teku a bayansa, suna murna sun tsinci dami a kala. Irin murnar da na yi ke nan shekarun baya.

Nawa yana gabashin ƙasar. Wanda ya sayar mini ya ce izinin gini yana tafe, na biya, takardar mallaka ta fito da sunana, na ɗauka an gama. Ashe mallaka daban, izini daban. Tun dokar tsara birane da karkara ta 1947, mai fili ba ya gina gida a kansa sai ƙaramar hukuma ta yarda, kuma filin da aka ware wa noma da ƙyar suke sauya masa matsayi. Na biya mai zanen gini, na cika fom, na jira sati 8. Amsa ta zo: filin noma ne, kuma yana shiyya ta 3 a taswirar ambaliya, wato mafi haɗari. Taswirar nan kyauta take a shafin gwamnati, lambar unguwa kawai ake sakawa. Ban duba ba. Na ce to bari in ajiye gida mai taya in riƙa kwana, sai ga wata wasiƙar, shi ma yana buƙatar izini. Har yau idan na tuna daren da na karanta wa maiɗakina takardar nan, raina ɓaci yake.

Teku kuma cin ƙasa take yi. Gaɓar Holderness a Yokshaya tana zaizayewa kimanin mita 2 a shekara, kuma a Disamban 2013 igiyar ruwa ta rusa gidaje a ƙauyen Hemsby da ke gaɓar gabashin ƙasar. Kowane yanki na gaɓa yana da tsarin da ya faɗi ko za a kare shi ko za a bar wa ruwa. Inshorar gida galibi ba ta biyan zaizayar gaɓa, shirin Flood Re na sauƙaƙa inshorar ambaliya da ya fara a 2016 kuma bai ɗauki gidajen da aka gina daga 2009 ba.

Da gini ya gagara sai na koma shuka. Mu dai noma a jininmu yake, ina alfahari da yadda mutanenmu suke rayar da ƙasar da wasu suka yar. Amma ku tambayi inda ruwan gonarku yake fitowa. Lambatun da ya bi gefen nawa ta gonar shanu ya ratso. Da hunturu ya cika ya kwanta a kan kunyoyina kwana uku, ya janye ya bar laka mai wari a kan ganyen. Wani dattijo manomi da muke maƙwabtaka ya ɗaga ganye ɗaya ya shinshina, ya ce kada in kai wa yara. Ruwan ambaliya yana ɗauke da kashin dabbobi da najasa, da ƙwayoyin cuta irin E. coli, wanki kuma ba ya raba su da ganyen da ake ci ɗanye. Na tuge duka na zubar. Mai niyyar harkar sayar da abinci kuma ya yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin ya fara.

Don Allah ku daina jin kunyar tambaya, ku ɗauki lauyanku, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ɗaya daga cikin ukun nan ya saurare ni, ranar Asabar za mu je mu taka filin da ƙafarmu bayan ruwan sama. Sauran biyun har yanzu ina ta kiran wayarsu.