Yadda za ka fara wasa bayan lalura ta zaunar da kai, ko da zuciya ba ta so

Ɗan'uwa, in hatsari ko rashin lafiya ya taɓa maka ƙafa ko ido ko laka, sau da yawa zaman ɗakin nan ya fi ciwon jikin cin rai, kana kwance kana kallon silin, masu zuwa dubiya sun ɗauke ƙafa, barci ya rikice, abinci ma ba ya maka daɗi. In ka wuce sati 2 a haka kusan kullum, wallahi ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, yana iya zama ciwon damuwa ne kuma yana da magani, don haka fara da ganin likita. In tunanin kashe kai ya fara zuwar maka kuwa, yau ɗin nan ka gaya wa wani na kusa a kai ka asibiti.

To ga abin da nake so ka riƙe, kar ka ce sai ranar da ka ji sha'awar fita za ka fita, domin sha'awar ce wannan ciwo yake fara kashewa. Jiki ne zai fara, zuciya ta biyo daga baya. Wani likita Ludwig Guttmann ya gane haka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda ake jinyar sojojin da lakarsu ta taɓu a yaƙin duniya na biyu, ya sa wasa cikin maganinsu, har a 1948 mutum 16 suka yi gasar harbin kibiya daga kan keken guragu. Daga nan aka samo Paralympics, gasar wasannin masu lalura ta duniya, da aka fara a Rum a 1960.

Ka tambayi likitan fisiyo, wato likitan motsa gaɓoɓi, me jikinka zai ɗauka, sannan ka fara da minti 10, ko daga bakin gado ne, ɗaga hannu da robar atisaye ko tura keke zuwa ƙofa ka dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya, har da masu lalura, su samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a sati, amma can ake son ka kai, ba nan za ka fara ba. Sa lokaci guda kullum, ka riƙa rubuta abin da ka yi, ranar da zuciya ta ce ba ka ci gaba sai ka buɗe littafin ka gani da idonka.

Wasan kuma zaɓi wanda ya dace da jikinka. Mai keke akwai ƙwallon kwando da tanis, a tanis ɗin an yarda ƙwallo ta faɗi ƙasa sau 2 kafin ka buga. Marar gani akwai golbol, ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, mutum 3 kowane ɓangare kuma kowa an rufe masa ido. Wanda aka yanke wa ƙafa ga ƙwallon raga ta zaune, ga ninƙaya, ga ɗaga nauyi a kwance.

Ni dai shawarata ka nemi na ƙungiya. A can babu mai kallonka da idon tausayi, in ka yi kuskure koci zai yi maka faɗa kamar kowa, in ba ka zo tirenin ba wani zai kira ka ya ce kai lafiya? Wannan kiran kaɗai yana tayar da mutum daga gado. Kuma a wurinsu za ka koyi dabarun da ba a koyarwa a asibiti, kamar yadda ake komawa kan keke in an faɗi.

In a keke kake, ka kula da kafaɗunka sosai, su ne ƙafafunka yanzu, kar ka gaji da su a rana ɗaya. Bayan kowane wasa a duba fatar mazauni, ja-jan da ya ƙi ɓacewa farkon gyambo ne, a huta a nuna wa likita. Masu ciwon laka zafi na saurin kama su don wasu ba sa gumi sosai, a sha ruwa a nemi inuwa. Kuma in kana shan maganin damuwa kar ka daina don ka ji sauƙi, sai likitan da ya rubuta maka ya ce.

Ranar da ka kasa fita, ka yi minti 5 ɗinka a ɗaki ka rubuta shi, sannan ka tura wa abokin wasanka saƙo cewa gobe ya biyo maka.