Yadda Ake Tantance Izinin Binne Iskar Kabon a Ƙarƙashin Ƙasa

Tun da Najeriya ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Gilasgo a shekarar 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060, maganar kama iskar kabon daga masana'antu a tura ta ƙarƙashin ƙasa ta fara shiga bakin jami'ai da 'yan kasuwa. Ɗalibi ko ɗan jarida ko wakilin al'umma a Kano da takardar irin wannan aiki ta zo hannunsa yana buƙatar sanin abin da zai duba, kuma ƙa'idojin ƙasashen da suka riga mu za su iya zama ma'auni a gare shi.

Ka fara da tambayar inda za a haƙa rijiyar da za a tura iskar ta cikinta da kuma zurfinta. Sai an kai kimanin mita 800 kafin matsi da zafin ƙasa su sa iskar ta yi kauri kamar ruwa, kuma dole a sami dutse mai ƙofofi, wanda ruwan gishiri ya cika, da wani dutse marar ƙofa a samansa da zai zama murfi. Birnin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba shi da irin waɗannan ƙofofi, abin da duk mai haƙa rijiyar burtsatse a Gwale ko Hotoro ya sani da zarar injinsa ya fara tsalle a kan dutse. Saboda haka in aka ce za a kama hayaƙin masana'antun Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, to iskar tafiya za ta yi zuwa yankin da ke da duwatsun da suka dace, kamar kwarin Binuwai ko Neja Dalta, kuma bututun da zai ɗauke ta yana buƙatar nasa binciken. A watan Fabrairun 2020 wani bututun kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satatiya a jihar Misisifi ta Amurka, mutane fiye da 40 suka je asibiti. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a kwari, kuma maƙwabtanmu na Kamaru ba su manta da tafkin Nyos ba, inda iskar da ta taso daga tafkin da kanta ta hallaka mutane kusan 1,700 a 1986.

Daga nan sai ka nemi sashen da ya yi magana a kan ruwan sha, domin a ganina nan ne zuciyar lamarin. Amurka ta fitar da ƙa'idar waɗannan rijiyoyi, da ta kira rukuni na shida, a watan Disambar 2010, kuma ta gina ta ne a kan dokar kare ruwan sha ta 1974. Ƙa'idar ta wajabta wa kamfani ya zana iyakar yankin da iskar da matsinta za su kai, ya lalubo duk tsofaffin rijiyoyin da suka huda murfin dutsen a yankin ya toshe waɗanda ba su da kyau, sannan ya sake duba wannan iyaka aƙalla duk shekara 5. Ta kuma hana matsin turawa ya wuce kashi 90 cikin 100 na matsin da zai tsaga dutsen. Duba ko takardar ta faɗi irin ƙarfe da simintin da za a yi amfani da su, domin kabon in ya haɗu da ruwa yana zama mai tsami ya ci ƙarfe a hankali. Mutumin da ya dogara da burtsatse da 'yan garuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da gurɓacewar ruwan ƙasa ke nufi, tunda ba a wanke shi in ya lalace.

Ka duba yadda za a sa ido, da kuma sharaɗin da zai sa a dakatar da aiki. Ƙasar Norway tana tura kabon a ƙarƙashin teku a filin Silaifna tun 1996 tana bibiyar yaɗuwarsa, amma a In Salah ta Aljeriya, inda aka fara a 2004, an dakatar a 2011 bayan awo ya nuna ƙasa tana ɗagawa kuma ana fargabar dutsen ya tsage. Takardar da ba ta faɗi wa ke da ikon cewa a tsaya ba, ba ta cika ba.

Tambayar da kamfanoni suka fi son a wuce da sauri ita ce wa zai ɗauki nauyi bayan an rufe rijiyar. A Amurka ƙa'ida ta sa shekara 50 na sa ido bayan an daina turawa, sai dai in hukuma ta amince da wani wa'adi, tare da ajiye kuɗin jingina tun farko don gyara ko da kamfanin ya karye. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta yarda nauyin ya koma kan gwamnati bayan aƙalla shekara 20, kamfanin kuma ya biya kuɗin sa ido na shekara 30 a gaba. Nemi adadin kuɗin, da inda aka ajiye su, da sunan hukumar da za ta gaji aikin.

A nan gida, hanyar da ke buɗe gare ka ita ce dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda a ƙarƙashinta Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya take baje rahoton babban aiki don jama'a su karanta su yi tsokaci cikin wa'adin da aka sanar. Je ka karanta rahoton da kanka, ka nemi malamin ilimin duwatsu a Jami'ar Bayero ya duba maka taswirar ƙarƙashin ƙasa, sannan ka rubuta tambayoyinka ka miƙa kafin wa'adin ya cika, ka kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa.