Darasi na 7: Littattafan Mai Kantin Ƙauye na Da

A ƙauyukan Amurka na ƙarni na 19, kanti ɗaya ne yakan ɗauki buƙatun jama'a. A nan ake sayen gishiri da sukari da yadi da ƙusa da kayan noma, wani lokaci ma a cikinsa gidan waya yake. Tsabar kuɗi kuwa ba ta cika zama a hannun manomi ba sai da kaka. Saboda haka yawancin cinikin bashi ne, kuma bashin yakan kai wata da watanni. Ba kan da zai riƙe wannan lissafi, dole sai an rubuta.

Littafi biyu mai kanti yake aiki da su. Na farko shi ne littafin cinikin rana, wanda ke ajiye a kan teburin ciniki. Da zarar an miƙa kaya sai ya rubuta kwanan wata, sunan mai saye, abin da ya ɗauka da kuɗinsa. Idan yaro aka aiko, har wannan yakan rubuta, don kada a zo ana musu daga baya. Wannan littafi ba ya buƙatar ado. Abin da yake buƙata shi ne a rubuta nan take, tun mai saye bai fita ba.

Na biyu shi ne babban littafi. A cikinsa kowane magidanci yana da shafinsa. In kasuwa ta lafa, mai kanti ya zauna ya kwashe abin da ke littafin rana ya kai shafin kowa. Shafin kashi biyu ne. Hagu na abin da ake bin mutum, dama na abin da ya biya. Wannan tsari tsoho ne, don tun a 1494 wani masanin lissafi mai suna Luca Pacioli ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Venice na Italiya.

Ɓangaren dama ya fi ban sha'awa, domin ba kuɗi kaɗai ake gani a ciki ba. Wata ta kawo ƙwai ko man shanu, wani ya kawo itace, wani ya yi wa mai kanti aikin yini biyu a gona. Kowanne sai an yi masa kuɗi kafin a rubuta, in ba haka ba lissafi ba zai haɗu ba. Ko da yake Amurka ta kafa dokar buga dala a 1792, masu kanti da yawa sun ci gaba da lissafi da fam da sule da kwabo shekaru bayan haka, don shi suka saba da shi. Ranar da aka gama biya, sai a ja layi a soke shafin.

Aiki

Ka ja layi a tsakiyar takardarka. Ga misali: wani manomi ya ɗauki yadi na dala 3, gatari na dala 2, da gishiri na dala 1. Ya kawo itace na dala 2, ya kuma yi aikin gona na dala 1.

1. Rubuta kowane abu a ɓangaren da ya dace.
2. Dala nawa ya rage a kansa?
3. Idan mai kanti ya manta bai rubuta itacen ba, wa aka cuta, kuma da nawa?