Yadda za ka haɗa intanet a gidanka a Sakkwato ba tare da ka yi asarar kuɗi ba

Kafin ka fitar da ko sisi ka sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ta wifi, fara gwada sabis a cikin gidan da kake kwana. Layin da ke gudu a Gawon Nama yana iya yin rarrafe a wani lungu na Mabera, kai ko a gida ɗaya sai ka ga zaure da sabis, ɗakin uwargida babu. Ni na taɓa sayen rauta don na ga tana aiki a shagon mai ita. Da na kawo ta gida sai ta koma kayan ado a kan tebur, ga shi kuma a kulle take da layin kamfani guda, ba ta karɓar wani sim.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ari wayoyin mutanen gida ko na maƙwabta masu layuka daban-daban, MTN, Airtel, Glo da sauransu. Buɗe manhajar Speedtest a kowace, ka auna a falo, a tsakar gida, da kusa da taga. Ka yi da hantsi, ka sake yi bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau waya. Awon dare shi ne na gaskiya. Duba kuma ko wayar na tsayawa a 4G ko tana faɗowa 3G. Megabit 5 a daƙiƙa ya ishi mutum ɗaya kallon bidiyo tangaram. Gida mai mutum shida kuwa sai abin da ya fi haka sosai.

In ka gane layin da gidanka ya karɓa, sai zaɓen na'ura. Gwauro da kwamfutarsa ɗaya, hotspot na waya ya wadatar, sai dai yana cinye batir yana gasa wayar. Mifi, wato 'yar ƙaramar rauta mai cin sim, tana da batirinta, tana shiga aljihu, amma ba ta kai nisa. Gidan iyali rauta mai cin sim ta fi dacewa, wadda ake jonawa a wuta, musamman mai wurin ɗaura eriyar waje. Tambayi mai shago ƙarara ko a buɗe take. Idan wayar fayiba, wato kebul ɗin intanet da kamfani ke ja har cikin gida, ta ratso unguwarku, ita ta fi kowace tsayuwa. Akwai kuma Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Shi ba ruwansa da dogon ƙarfen sabis, sararin sama kawai yake so, ba reshen dogonyaro a kansa. Amma kuɗin kayan da na wata-wata ba na wasa ba ne, kuma yana shan wuta ninkin-ba-ninkin rauta. A ganina ya fi amfani ga wanda ke bayan gari inda sabis ya gagara.

Sim ɗin da za ka sa dole a yi masa rajista da lambar NIN. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe lambobin kamfanoni: *312# sayen data, *323# duba abin da ya rage. Tsarin da ake tallatawa cewa ba ya ƙarewa, karanta sharaɗinsa da kyau, don galibi in ka kai wani adadi rage maka gudu za a yi.

Yanzu sai wurin ajiya, kuma a nan yawancin mutane ke ɓata aikin. Rauta aiki biyu take yi: tana jawo sabis daga waje, tana raba shi a cikin gida. Saboda haka a ɗora ta sama, kan kanta ko a bango, kusa da tagar da awonka ya nuna ta fi ƙarfi, kuma a ɗakin da ya fi zama tsakiyar gidan. Kada a cusa ta cikin durowa ko bayan talabijin ko gefen firji. Ƙarfe da ruwa suna tare siginar, don haka ƙofar ƙarfe da tankin ruwa ba abokanta ba ne. Bangon bulo ko na ƙasa mai kauri ma yana cin rabonsa. Sannan ga zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rautar da aka liƙa a ƙarƙashin kwanon rufi ko inda rana ke dukanta za ta riƙa yankewa tana tashi da kanta, kai kana zagin kamfani. A ba ta inuwa da iska, kada a rufe ta da kyalle don gudun ƙura. Da hunturu a riƙa kaɗe ramukanta da busasshen buroshi.

Za ka iya ganin sunan wifi biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma bango ɗaya ko biyu ya gaji, na 2.4 ya fi ratsa gini. Wannan 5 ɗin ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, ana yawan rikita su. Idan gidan babba ne, sashen maigida daban, na iyali daban, kada ka dogara da iska. Ja kebul na Cat6 daga rautar zuwa wata rauta ta biyu a can sashen. Yana kai mita 100 lafiya lau. A zura shi cikin bututun roba saboda rana da ɓera.

Maganar wuta gajera ce. Yawancin rautoci bolt 12 suke ci, wat ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a shagunan kayan waya yana riƙe ta awanni bayan NEPA ta ɗauke. Duba bayan cajarta ka sayi mai bolt daidai da ita. Mai sola kuwa ya jona ta kan inbata kurum.

Saura makulli. Juya rautar, akwai takarda a ƙasanta mai adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga, ka sauya kalmar sirri biyu: ta wifi da ta shiga saitin kansa, wadda sau da yawa admin ce kawai. A wurin nau'in tsaro zaɓi WPA2 ko WPA3, kalmar sirrin wifi harafi takwas ne mafi ƙaranci, kuma ban da lambar wayarka ko sunan autanka. A kwamfuta mai Windows ka saita wifi ɗin a matsayin mai awo (metered connection) don ta rage shan data, a wayoyin gida a kashe sabunta manhajoji da sauke bidiyon WhatsApp kai tsaye, in ba haka ba datar wata ba za ta ga sati biyu ba.

A cikin saitin akwai jerin na'urorin da ke haɗe. Leƙa shi duk Juma'a. Wayoyin yanzu suna iya raba kalmar sirri ta hoton QR, yaro ɗaya ya nuna wa abokinsa shi ke nan. Ranar da ka ga samarin layi sun mai da gindin katangarka majalisa bayan magariba, kowa ya duƙufa kan waya, shiga ka ƙirga. In wayoyin gidanka bakwai ne ka tarar da goma sha biyar, sauya kalmar a daren, ka karɓi wayoyin yara ka sa musu sabuwar da hannunka.