Kurakuran da muke yi da "look forward to" idan za mu ƙara masa ƙarfi

Bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa, ya ce: "Kawu, don Allah duba mini wannan kafin in tura." Takardar neman aiki ce ya rubuta wa wani kamfani a Legas, ta imel za ta tafi. Na karanta tun daga sama, kuma gaskiya yaron ya yi ƙoƙari. Ya faɗi abin da ya karanta, ya faɗi inda ya yi hidimar ƙasa, bai cika surutu ba. Da na iso layin ƙarshe sai na tarar da wannan: "I am very looking forward to hear from you soonest."

Kalmomi 10 ne kacal, amma kurakurai 3 ne kwance a ciki. Abin ya dame ni, domin layin ƙarshe shi ne ke zama a ran mai karatu bayan ya ajiye takarda. Na daɗe ina duba wasiƙun ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da NECO, kuma da wuya in gama duba na aji guda ban ci karo da wannan jimla a gurgunce ba. Yaran sun san ma'anarta sarai. Inda suke tuntuɓe shi ne lokacin da suka so su ƙara mata ƙarfi da bayanau, wato irin kalmomin nan da ke faɗin yadda aka yi aiki ko yawansa ko lokacinsa, kamar "really" da "very much" da "soon".

Ma'anar tukuna. Wanda ya ce "I look forward to" yana nufin yana ɗokin abin, yana Allah-Allah lokacin ya zo. Akwai farin ciki a ciki. Saboda haka ba a amfani da shi a kan abin da ake jira da fargaba ko baƙin ciki. Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta wa abokinsa wasiƙar ta'aziyya ya rufe da cewa yana "looking forward to" zaman makoki. Shi dai nufinsa zai zo, amma Bature zai karanta cewa murnar zuwan ranar yake yi.

Babban kuskure, wanda zan fi daɗewa a kansa, shi ne na "very". Asalinsa daga Hausarmu yake, kuma ba abin kunya ba ne. Mu kalma ɗaya ke yi mana aiki ko'ina: dogo ne sosai, yana gudu sosai, ina son shi sosai, na gaji sosai. Tun a firamare aka ce mana "sosai" ita ce "very", sai muka ɗauka duk inda "sosai" ta shiga ita ma "very" za ta shiga. Turanci kuwa ya raba aikin biyu. "Very" ita kaɗai tana tsayawa ne gaban sifa ko wani bayanau: "very tall", "very quickly". Ba ta tsayawa gaban aikatau. Shi ya sa "I very like it" ba daidai ba ne, kuma shi ya sa "I am very looking forward" ba daidai ba ne, tunda "looking" a nan aikatau ne. Mai son ƙarfafa aikatau sai ya ɗauko "very much" ko "really":

"I am very much looking forward to meeting you."
"I am really looking forward to meeting you."

Ta farko ta fi dacewa da wasiƙar ofis, ta biyu ta fi zama a bakin aboki da aboki, ko da yake ba wanda zai ga laifinka don ka sa ta a imel ɗin aiki.

Wasu sun ji a jikinsu cewa "very looking" ba ta zauna ba, sai su matsar da "very" gaba kaɗan: "I am looking very forward to it." Wannan ma ka guje shi. Tsakanin "look" da "forward" ba wurin zaman baƙo ba ne, kalmomin nan biyu a manne suke kamar ɗan jinjiri da bayan uwarsa. Za ka iya jin wani ya faɗi haka a hira, amma mai duba jarrabawa zai ja masa jan layi, haka ma mai ɗaukar ma'aikata zai lura.

To ina ne mazaunin bayanau? In ɗokin kansa yake bayani, wurin da ba ka taɓa yin asara shi ne dab da "look", ta gabansa. Idan akwai ɗan taimako irin su "am", "are", "was", "have", sai bayanau ya shiga tsakaninsa da "look":

"I always look forward to Sallah."
"We are eagerly looking forward to your visit."
"She has always looked forward to the holidays."

Ka lura da ta farko. Bahaushe zai ce "kullum ina ɗokin Sallah", da "kullum" a farkon magana, shi ya sa ɗalibai ke rubuta "Always I look forward to Sallah". Bature zai gane, amma ba haka yake faɗa ba. "Always" da "never" da "often" galibi bayan mai aikin suke zuwa. Akwai kuma wani wuri na biyu da aka yarda da shi, tsakanin "forward" da "to", kamar "I look forward very much to meeting you". Daidai ne, kuma za ka gan shi a wasiƙun ofis na Ingila. Ni dai nakan ce wa ɗalibaina su san shi don kada su ce wani ya yi kuskure, amma su riƙe na farkon a nasu rubutun.

Sai kuskure na biyu a jimlar ɗan ƙanwata, "to hear". Wannan ba na bayanau ba ne kai tsaye, amma in ba a gyara shi ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Mun saba da "I want to go", "I hope to see you", sai muka ɗauka duk bayan "to" aikatau tsura ke biyowa. Amma "to" ta cikin "look forward to" wata ce daban, irin ta "I am going to Kano" ce, suna take nema a bayanta. Gwajin da nake ba yara mai sauƙi ne: sa "it" a bayan "to" ka ji. "I look forward to it" ta zauna. "I want to it" ba ta zauna ba. Duk inda "it" ta shiga lafiya, to aikatau ɗin da zai maye gurbinta sai ya ɗauki "-ing": "to hearing", "to seeing", "to working".

A nan Hausa ce ma ke taimakonmu. Ba ma cewa "ina ɗokin gan ka", cewa muke "ina ɗokin ganinka", "ina ɗokin zuwanku", "ina ɗokin jin amsarka". Gani, zuwa, ji: duk sunayen aiki ne. Abin da "seeing" da "coming" da "hearing" suke yi ke nan. Da na faɗa wa yaron haka sai ya yi shiru kaɗan, ya ce: "Kawu, ai da haka aka koya mana da ban taɓa mantawa ba."

Yanzu da jimlar ta zama mai aikatau biyu, "look" da "hearing", sai tambaya ta taso: bayanau ɗin da ka sa, wanne daga cikinsu yake yi wa aiki? Nan ne masu Turanci mai kyau ma sukan zame. Dubi waɗannan:

"I look forward to working closely with you."
"I look forward to finally meeting you."
"I look forward to seeing you again."

"Closely" ta aikin ce, aikin ne za a yi kafaɗa da kafaɗa. "Finally" ta haɗuwar ce, wadda aka daɗe ana jira. "Again" ta ganin ce. Idan ka ɗauko "closely" ka kai ta gaban "look", ka ce "I closely look forward to working with you", ka raba ta da abokin zamanta, jimlar ta zama marar ma'ana. Kafin ka ajiye bayanau, tambayi kanka da Hausa: ɗokin nake bayani, ko abin da nake ɗoki? In ɗokin ne, gaban "look". In abin ne, kusa da mai "-ing".

Kuskure na uku, "soonest". Saura ne daga zamanin waya ta tangaraho, lokacin da ake biyan kuɗi a kan kowace kalma, ana matse "as soon as possible" ta koma guda ɗaya. A ofisoshinmu ta samu gindin zama, amma a wasiƙar neman aiki tana fita kamar umarni, kai kuma roƙo ka zo. "Soon" ta isa. Kuma mazauninta ƙarshen jimla ne, domin jin amsar take bayani: "I look forward to hearing from you soon." Kada ka ce "I soon look forward to", wannan yana nufin ɗokin ne bai fara ba tukuna.

Akwai wasu bayanau da muke jawowa don mu nuna ladabi ko mu burge, amma ba sa tafiya da wannan magana. "Highly" ita ce kan gaba. Tana zama da "highly recommended", "highly qualified", "highly respected", amma "I am highly looking forward" baƙuwa ce a kunnen mai harshen. "Too" kuma tana nufin abu ya wuce kima har ya zama matsala, kamar shayin da ya yi zafin da ba ya shawuwa, don haka "I am too looking forward" ba ƙarfafawa ba ce. "Anxiously" tana ɗauke da damuwa da rashin kwanciyar hankali. In zumuɗi kake nufi, "eagerly" ce kalmarka. "Hopefully" maimaici ne, fatan yana cikin maganar tun asali. Ita kuwa "patiently" faɗa take yi da ma'anar, domin mai ɗoki ba mai haƙuri ba ne. In haƙurin kake son nunawa, canza aikatau ɗin gaba ɗaya ka ce "I am patiently waiting for your reply".

Daga wannan "waiting for" ɗin ne ma wani kuskuren ke ɓullowa, "looking forward for your reply". "To" ce, ba ta canzawa. Haka nan "forward" ba ta ɗaukar "s" a nan, kuma kada ka yar da "I" ka fara da "Am looking forward", ɗabi'ar da saƙon WhatsApp ya koya mana.

Abu na ƙarshe da nake so a kula da shi ƙarami ne a ido, amma yana iya ɓata zumunci. "Not" da "really" idan suka haɗu, wanda ya riga wani shi ke yanke ma'ana:

"I am not really looking forward to the trip."
"I am really not looking forward to the trip."

Ta farko sassauci ce: tafiyar ba ta wani ɗaɗa ni da ƙasa ba, amma zan je. Ta biyu ƙi ne ƙarara: ko kaɗan ba na son tafiyar nan. A Hausa bambancin "ba na ɗokinta sosai" ne da "sam ba na ɗokinta". Wanda ya so ya faɗa wa shugabansa a wurin aiki ta farkon, sai bakinsa ya kawo ta biyun, ya faɗi abin da ya fi nufinsa nauyi nesa ba kusa ba.

Muka koma kan wayar ni da yaron. Ya goge "very", ya ƙara "-ing" a jikin "hear", ya yanke wutsiyar "soonest". Sai ya tambaye ni ko ya sa "very much" don su san da gaske yake. Na ce masa a takardar neman aiki, ga mutanen da bai taɓa gani ba, "I look forward" ta fi "I am looking forward" kamun kai, kuma ba ta buƙatar ƙari. In sun kira shi ganawa, a amsar da zai mayar sai ya rubuta "I very much look forward to meeting you", a nan ƙarin ya dace. Ya gyara layin ya koma "I look forward to hearing from you soon", ya sa "Yours faithfully" a ƙasa tunda da "Dear Sir" ya buɗe, ya yi bisimilla ya tura.