Yadda za ka yi idan sabon babur ya iso maka da lahani a Legas

Yawancin samarinmu da ke tafka asara a kan sabon babur, a minti goman farko da mota ta tsaya ƙofar gida suke tafka ta. Murna ta ɗebi mutum, 'yan unguwa sun taru ana ta "Allah ya sanya alheri", direba ya miƙo webil, wato takardar shaidar karɓar kaya, yana cewa yana gudun cunkoson yamma. An sa hannu, mota ta wuce. Sai an yage kwali a ga tanki ya lotse. Daga nan dila ya ce lafiya lau ya fita daga shagonsa, direba ya ce haka aka ɗora masa, kai kuma sa hannunka yana kan takarda cewa ka karɓi kaya ba matsala. Na ga wannan a Agege, na ga irinsa a Alaba Rago, kuma kusan kullum kuskuren ɗaya ne.

Don haka abu na farko, kunna bidiyon wayarka tun kwalin yana cikin mota. Ka ɗauki lambar motar, ka ɗauki yadda aka ɗaure kayan, ka zagaya kwalin ta kowane gefe. Inda ya ɓurme, inda ya huje, inda ya jiƙe, tsaya a wurin ka nuna sosai. Ruwan Yuni da Yuli na Legas ba ya raga wa kwali, kuma danshin garin nan yana saurin sa tsatsa. Kada ka yanke bidiyon har a gama buɗewa. Hotuna daban-daban ana iya musu a kansu a ce daga baya ka ɗauka, amma bidiyo ɗaya mai tafiya ba yankewa yana da wuyar ƙaryatawa.

Na biyu, kuma a nan nake so ka natsu: kada biro ya taɓa webil sai an buɗe kaya a gaban direba. Zai yi ƙorafi, dole ne. Ba da faɗa ake yi ba. Ka ce masa, "Malam direba, ka yi haƙuri ka ba ni minti goma, kariya ce gare ni da kai." Sayo masa ruwa mai sanyi, ka sallami yaron mota da ɗan wani abu. Wannan 'yar hidimar ta fi kuɗin sabon tanki sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan an buɗe, ido yakan tafi kan abin da ke ƙyalli: fitila, madubi, robobin gefe, fenti. Duba su, amma ba su ne abin tsoro ba, duk ana kwance su a sa wasu. Abin da ke kashe babur yana gaba, wurin shoka da wuya. Ka shafa ƙarafan shoka biyu da yatsa, in ka ji danshin mai ko ka ga ɗaya ya ɗan karkace daga ɗan'uwansa, an buga shi. Ka haska wuyan babur da tocilar waya, nan inda aka buga lambar shasi. Fenti ya tsage ko ya tattare a bakin walda, to firam ɗin, wato ƙashin bayan babur ɗin, ya sha duka, ko da komai na waje yana sheƙi. Ɗaga tayar ka juya ta, ka kafe ido a bakin rim. In yana lilo hagu da dama, ya lanƙwashe. Baburan da ake lodawa a haɗe, a jera su a ɗaure da igiya, su kuma cutarsu daban ce: hannun wani yakan soki tankin na kusa da shi, salansa ta goge, hannun birki ko na kuloci ya karye. A nan ne kuma za ka gwada lambar shasi da lambar inji da abin da ke rubuce a rasit. Harafi ɗaya ya saɓa, ka tsaya, domin ranar yin lamba da ranar da 'yan sanda suka tare ka, da wannan za a kama ka.

Duk abin da ka gani, rubuta shi a jikin webil ɗin kafin ka sa hannu, da kwanan wata da ƙarfe nawa. "Tanki ya lotse ta dama, shokar hagu tana yoyo." Direba ya sa hannu a ƙasa, ka ɗauki hoton takardar. In ya ƙi, ya faɗa a bidiyo cewa ya ƙi. In kuma lahanin a firam ne, ni a wurina magana ɗaya ce: kada ka karɓa sam, a mayar da shi cikin motar da ta kawo shi.

Na uku, ka kame hannunka. Kada ka zuba fetur, kada ka tayar, kada ka kira bakaniken bakin layi ya "ɗan miƙe" maka shi. Da zarar guduma ta taɓa babur ɗin, dila ya samu mafita, garanti kuma ya tafi. Kwali, leda da ƙarafan da aka ɗaure shi da su, ajiye su duka. Kada kuma ka je yin lamba tukuna, babur mai rajista da sunanka ba ya komawa shago.

Na huɗu, kira dila a ranar, sannan ka bi kiran da saƙon WhatsApp ɗauke da bidiyon da hoton webil. "Alhaji, ga yadda kaya suka iso, yaushe za a canza?" Maganar baki tana bin iska, rubutu yana zama. Wanda ka ba kuɗinka shi za ka riƙe. In shi ya nemo motar, tsakaninsa da direba ba ruwanka. In kai ka ɗauko direba daga tasha, to nauyin ya fi karkata can, sai ka tafi wurin shugabannin tashar da takardarka. Shi ya sa na fi son a ƙara wa dila kuɗin kawowa, ko da ya ɗan fi tsada.

Wajen sasantawa, madubi da roba ka karɓi sabbi ko a rage maka kuɗi. Tanki, shoka da rim sai sabbi irin na kamfanin, Bajaj ne ko TVS ko Haojue, kuma a ɗaura a shagonsu. Tankin da aka buga aka sake fenti ba sabo ba ne, kuma ranar sayarwa za ka gane.

In ya yi taurin kai, fara da shugabannin kasuwarsu, ka tafi da wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawan unguwarku, yawanci a nan ake gamawa. In ba ta yiwu ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Legas, LASCOPA, da ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Ka tafi da kwafin rasit, webil da shaidar tura kuɗi ta banki, na asalin kuma su zauna a hannunka.